Suyar Bekon da Farantin Kawu Liman

Makon da ya wuce samari biyu na majami'armu suka same ni a rumfata, suna so in yi musu magana a gidan wani sabon likita da ke neman kuku. Na tambaye su ko sun iya karin kumallon Turawa. Babban ya yi dariya, ya ciro waya daga aljihu, ya nuna mini wani mutum yana jera nama a kasko. Kafin in gyara tabarau an gama suya, an zuba a faranti, har da kiɗa. Ya ce, "Baba Iliya, ai wannan ba aiki ba ne. A sa a kasko, a juya, a kwashe." Na miƙa masa ƙwai ɗaya na ce ya fasa mini shi a kofi ba tare da gwaiduwar ta fashe ba. Gwaiduwar ta fashe, rabin ɓawon ya bi ta ciki. Ban yi musu magana a gidan likitan ba, kuma ba zan yi ba. Amma tunda kun iya karatu, ku da ire-irenku, ga abin da kuke cewa ba aiki ba ne.

Naman da ya nuna mini sunansa bekon. Naman cikin alade ne, wanda mu a Adar muke kira gursunu. Ana cuɗe shi da gishiri a ajiye, a turara shi da hayaƙi, sannan a yanka shi falle-falle, siriri kamar kilishin da ba a shafa wa komai ba. Rabi tsoka, rabi kitse. Na ɗanɗana shi sau da dama, kuma in gaya muku gaskiya kilishin Madawa ya fi shi nesa. Amma Baturen da ya yi wata shida bai ga garinsu ba, idan ya ji ƙanshin bekon da safe, sai ka ga idonsa ya canja. Mu masu girki da wannan idon muke ci.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Garhanga. Kakanmu bai taɓa salla ba, yana da wurin yankansa a gindin dutse. Ubanmu ya musulunta da girmansa. Ni kuma na zama Kirista bayan na yi wata huɗu kwance a asibitin mishan da karayar cinya, don na faɗo daga saman kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar dawowa daga cin rani. Ƙafar ba ta koma ta noma ba. Ina da mata da ɗiya ɗaya a lokacin, sai fasto ya haɗa ni da Baba Tanko, babban kukun gidajen likitoci, in koyi aiki.

Baba Tanko mutumin Tamaske ne, Musulmi mai riƙon salla, wanda ya yi wa Faransawa girki tun yana saurayi. Bai taɓa sa bekon a bakinsa ba, kuma ban ga wanda ya kai shi soya shi ba. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa kasko ba. Wanke-wanke nake yi, da tace ruwan sha, da tankaɗe fulawa sau biyu saboda ƙwari, da goge firigo, wato firji, mai kananzir wanda in ka bar lagwaninsa ya yi baƙi sai duk naman gidan ya lalace. Ku da kuke so a ba ku farin tabliye, rigar da kuku ke ɗaurawa a gaba, ranar farko, ba za ku yi kwana uku a hannunsa ba.

Ranar da ya fara barina da kasko, safiyar wata Asabar ce, a gidan likitan fiɗa da muke kira Likita Dogo. Falle takwas aka ba ni. Na yi abin da kowane ɗan ƙauye zai yi da nama: na buɗe wutar gaz har ƙarshe, na zuba man gyaɗa, na jira ya yi zafi, na watsa su ciki gaba ɗaya. Suka nannaɗe kamar ganyen da ya sha rana, gefe ya yi baƙi, tsakiya kuwa fari fat da ɗanyen kitse, hayaƙi ya cika gida. Naman nan daga Yamai aka kawo shi cikin akwatin ƙanƙara, tafiyar yini guda, kuma motar ba za ta sake zuwa ba sai bayan wata biyu. Baba Tanko bai ɗaga murya ba. Ya kashe wutar, ya daɗe yana duban kaskon, sannan ya ce, "Mi ya sa ka zuba mai? Wanga nama da man shi ya zo duniya." Ya ɗauki farantin ya kai wa likita da kansa, ya ce shi ya ƙona. Da ya dawo ya gaya mini wannan ne na farko kuma na ƙarshe da zai ɗauki laifina.

Ga yadda ake yi, ko da yake na san karantawa kawai za ku yi. Kasko mai nauyi, na baƙin ƙarfe, ba wannan gwangwanin da ake sayarwa a kasuwa ba. A jera naman kaskon yana da sanyi, kada falle ya hau kan falle, sannan a kunna wuta ƙasa-ƙasa. Kitsen zai narke a hankali, naman ya soyu a cikin mansa. Daga nan aikin kunne ne. Da farko ruwan da ke jikin naman ne ke fita, da ƙara da tartsatsi. Sannan ƙarar ta lafa ta koma kamar yayyafi a kan rufin kwano. Idan ta kusa yin shiru, ƙananan kumfa suka rufe naman, lokaci ya yi, ko da idonka yana ce maka da saura, don yana ci gaba da soyuwa bayan an kwashe. Baba Tanko yana iya ba murhu baya yana yanka burodi, ya ce mini, "Kwashe," kuma bai taɓa kuskurewa ba. A ɗora a kan takarda ta tsotse man. Likita Dogo yana son nasa ya bushe har ya karye a yatsa. A tsaye yake ci, falle uku da kafe baƙi, wato gahawa ba madara, ya wuce ɗakin fiɗa. Idan falle ɗaya ya lanƙwashe bai karye ba, ba ya magana, sai dai ya bar shi a gefen faranti. Wannan falle ɗin da ya bari ya fi zagi zafi.

Gidan Madam Mai-Agogo kuwa wata hanya ce. Matar likitan yara ce, ƴaƴanta biyar, kuma duk a tare suke zama a tebur. Kasko ɗaya ba ya isa, kafin na ƙarshe ya soyu na farko ya huce. A nan sai a jera naman a babban tiren ƙarfe a sa a fur, wato murhun gasa burodi. Ba juyi, ba tartsatsi, kuma yana fitowa a miƙe sambal. Kun ji kamar da sauƙi. To fur ɗin gidan nan kusurwarsa ta hagu ta baya ta fi ko'ina zafi, dole a ciro tiren a juya shi a tsakiyar gashi. Madam tana da wani ɗan agogo mai ƙararrawa da littafin girki daga ƙasarsu, ta ce littafi bai ce a buɗe fur ba sai agogo ya buga. Na ce mata, "Madam, wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin fur ɗinki ba." Ta ce in bi littafi. Na bi. Rabin tire ya fito gawayi, rabi ɗanye. Ta tsaya tana duban agogon kamar shi ya ci amanarta. Daga ranar ta bar mini fur, amma agogon bai bar madafa ba, sai ta mayar da shi kan dafa ƙwai.

Akwai kuma hanyar ruwa. Wata tsohuwar nas, Sista Mai-Keke, haƙoranta na roba ne, kuma bekon da ƴan'uwanta ke aiko mata mai kauri ne, gishirinsa kamar kanwa. Baba Tanko ya koya mini in jera shi a kasko in zuba ruwa kaɗan, iyakar ya rufe shi. Ruwan ya tafasa, ya narkar da kitsen ba tare da ƙuna ba, ya ƙafe ƙaf, sannan naman ya soyu a man da ya bari. Idan gishirin ya yi yawa sosai, a zubar da ruwan farko a sa wani. Yana fitowa da laushi a tsakiya, gefensa kaɗai ke ƙaras-ƙaras. Na ji yanzu ana nuna wannan a waya kamar jiya aka gano shi. Tsohon da bai san harafi ɗaya na boko ba yana yin sa tun kafin a haifi iyayenku.

Masu jin Faransanci su kuma ba sa son falle. Gunduwa-gunduwa ake yanka musu shi, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a soya, a zuba albasarmu mai ruwan hoda ta yi laushi a ciki, sannan a kwarara ƙwan da aka kaɗa. A naɗe shi tun cikinsa yana da ɗan danshi. Nama ɗaya, gida huɗu, hanya huɗu, kuma wani lokaci duk a safiya ɗaya, kana ɗingishi daga wannan ƙofar baya zuwa waccan.

Man da ke saura a kasko ba a zubarwa. Ana tace shi a gwangwani a sa a firigo, don Turawa suna son a soya musu ƙwai da dankali a cikinsa. A kan wannan gwangwanin Baba Tanko yake da doka. Yana ɗaura masa jan zare. Kaskon bekon yana da ƙusarsa daban a bango, da sosonsa daban, da cokalinsa daban. Mai gadi, da mai ban ruwan lambu, da direba, da duk baƙon da zai shigo gidan, akasarinsu Musulmi ne, kuma kowa yana iya cin abin da ya fito daga madafar nan ba tare da ya tambaya ba. Ya ce mini, "Ni na taɓa shi don aiki, in wanke hannuna in yi alwala. Amma mutumin da ya amince da kai ya buɗe baki, ba ka da ikon sa mishi abin da bai sani ba." Sau ɗaya ya faɗa, bai maimaita ba.

Ƙwai ma da kuke rainawa. Da damina na zabi ake samu, matan ƙauye ke kawo su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, kuma ba wadda za ta gaya maka kwanansu nawa a daji. Sai ka zuba su a ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya ɗaga kai a yi da shi yau, wanda ya taso sama a mayar wa mai shi. Ɓawon ƙwan zabi yana da tauri, wanda bai saba ba sai ya buga da ƙarfi ya fasa gwaiduwa. Kowane ƙwai a kofi ake fara fasa shi, ɗaya-ɗaya, don ruɓaɓɓe ɗaya yana lalata goma. Sannan kowane Bature da irin nasa. Wani yana son gwaiduwa tana kallonsa ɗanya yana tsoma burodi, abin da har yau ba na iya kallo. Wani a juya sau ɗaya. Wani a dagargaza da madara a wuta mai sanyi. Idan ka ba wannan na wancan, ka ɓata masa yini.

Fankensu ba irin namu ba ne, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ba a tsoma shi cikin mai. Littafinsu yana kiran wata madara mai tsami da ba a samu a nan, suna ta baƙin ciki, alhali Fulani suna wucewa ta ƙofar gida kullum da nono. Da nono nake kwaɓa shi, da ƙwai da ɗan garin da ke sa shi tashi, kuma ba a cika juya ƙullun, a bar shi da gudaji, in ba haka ba ya fito kamar tafin takalmi. Haka kuma suke ɗauko wani hatsi a kwali tun daga ƙasarsu don su dama kunu, kunun da ba shi da ɗanɗanon komai, ga gero a rumbun kowa. Wata rana na dama wa ƴaƴan Madam Mai-Agogo kunun tsamiya, suka shanye, suka hana kowa sakat sai an ƙara. Ta zo da takarda da alƙalami ta ce in faɗa mata awo. Na ce hannu biyu na gari da ruwa daidai. Ta ce hannun wa.

Shekara ashirin da wani abu na yi a haka. Baba Tanko ya koma Tamaske ya rasu, na zama babban kuku. Sai mummunar shekara ta zo. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke shirin fitar da kai. Mutane suka sayar da zabi da kaji tun kafin kaka, ƙwai ya zama abin nema. A kan wannan kuma aka fara maganar rashin tsaro a hanyoyi, iyalan Turawa suka riƙa tafiya gida ɗaya bayan ɗaya, masu yara da farko. Ina rufe firigo, in juya kasko a kan ƙusa, in miƙa makulli. Likitocin da suka rage a wuri ɗaya suke cin abinci, kuku ɗaya ya ishe su, aka bar wa wanda ya fi ni yawan iyali. Ni aka sama mini wuri a Buza, a gidan wani dattijon Bature injiniya mai haƙa rijiyoyin burtsatse, wanda mutane ke kira Mushe Rijiya, wato Malam Rijiya a bakin Faransawa.

A can na tarar an riga an ɗauki shugaban madafa. Sila sunansa, ɗan wani dattijon majami'armu ne, a gabana aka yi masa suna. Ya yi shekara biyu a makarantar aikin otal a Yamai, ya dawo da takardar shaida da doguwar farar hula, ya ce in riƙa kiransa Shef. Shekarunsa ashirin da kaɗan. Yana rubuta jerin abincin mako da Faransanci ya manna a bango, kuma hannunsa ba laifi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma kasko ɗaya yake yin komai da shi. Da na nemi ƙusa ta biyu da jan zare, ya ce wannan camfin tsofaffi ne, sabulu yana wanke komai. Na sa zaren duk da haka, na sayi ƙaramin kasko na ajiye don mai gadi da direba. Ni aikina ya koma yanka burodi da ɗaukar tire.

Wata safiya cikin bazara Mushe Rijiya ya kira masu gari da limamai da dattawa na ƙauyuka biyu daga wajen Allakai. Rijiya ɗaya ce za a haƙa, ƙauyukan biyu kowanne yana so a ƙofarsa, matansu kuwa suna tafiya tun asuba neman ruwa. Ya ce a ba su karin kumallo kafin magana: shayi, burodi, da ƙwai da albasa. Mutum goma sha biyu. Da ƙyar aka haɗa ƙwan. Na shimfiɗa tabarmi a baranda, ina fitowa da tiren farko sai na ga Kawu Idi a cikinsu.

Kawu Idi ƙanen mahaifiyata ne, limamin ɗaya daga cikin ƙauyukan. Tun da na zama Kirista bai yanke gaisuwa da ni ba, ranar da aka binne mahaifiyata ma kusa da shi na tsaya. Amma ko ruwa bai ƙara karɓa daga hannuna ba. Idan ya zo gidana a tsaye yake gaisawa ya wuce. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗan Hajo, kai ne a nan?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

Na jera faranti a gabansu. Babu wanda ya miƙa hannu. Gidan Bature ne, kowa ya san abin da ake ci a irin gidajen nan. Wani mai gari ya tambaya a hankali ko wa ke girki. Kawu ya dubi farantin, ya dube ni, sannan ya ce musu, "Ɗan yayata na cikin madafar. Ya bar salla, amma ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Ku ci." Ya yi bisimilla, ya gutsuri burodi, ya dangwali ƙwan ya kai baki. Biyu daga cikinsu suka bi shi.

Na koma ɗauko tire na biyu. Ina shiga madafa hancina ya gaya mini, don ƙanshin man nan ba ya ɓuya ga wanda ya yi shekara ashirin a kansa, a baranda ne kawai iska da albasa suka rufe shi. Kwalbar man gyaɗa tana nan inda na gan ta jiya, ɗan abin da ya rage a gindinta bai ragu ba. Gwangwani mai jan zare kuwa yana gefen murhu a buɗe, da cokali a ciki.

Na ce, "Sila, da wane mai ka soya?"

Ya ce, "Shef Sila."

"Da wane mai?"

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Man gyaɗan ba zai isa mutum goma sha biyu ba, kuma babu a kanti. Wannan ma ya fi daɗi. Wa zai sani, tsoho? Ɗauki tire ka kai."

Na ajiye tiren. Na fita baranda da ƙafata mai ɗingishi, na durƙusa gaban Kawu, na janye farantin daga gabansa yana riƙe da loma ta uku. Na bi sauran na tattara. Mushe Rijiya ya tambaye ni da guntuwar Hausarsa ko lafiya. Ban juya wajensa ba. Na ce, "Kawu, ku gafarce ni. Da man alade aka soya ƙwan nan. Ba ni na soya ba, amma ni na kawo."

Kawu ya ajiye burodin a kan tabarma, ya nemi buta, ya koma gindin bango ya kurkure baki sau uku. Sauran biyun suka bi shi. Ƙaramin cikin masu garin ya miƙe yana cewa da gangan aka yi, dama an daɗe ana faɗin abin da ake ba mutane a gidajen nan. Kawu ya goge gemunsa ya ce, "Wanda ya yi da gangan ba ya janye faranti. Abin da muka ci ba da sani ba, babu laifi a kanmu. Amma ni na ce ku ci." Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai dube ni ba. Sauran suka bi shi. Maganar rijiya ba ta sake tashi ba sai bayan ruwa ya sauka, matan ƙauyukan nan suka ƙarasa bazarar da tulu a ka.

Da rana Mushe Rijiya ya kira mu. Sila ya yi ta zuba Faransanci, na tsinci abin da na tsinta: wai ƙyashin hularsa nake yi, wai da na zo a asirce da an ce ƙwan ne ya lalace a canja faranti ba wanda ya ji. Baturen ya ce mini a kan man ina da gaskiya, amma bai kamata in faɗa a gaban mutane ba, na rushe masa aikin wata uku. Na tambaye shi, waɗanda suka riga suka haɗiye fa, mene ne za a ce musu? Ya ce abin da ba su sani ba ba zai dame su ba. Ya jefar da gwangwanin a rami da hannunsa, kamar gwangwanin ne ya yi laifi. Ya riƙe Sila, don shi ke rubuta jerin abinci kuma da shi suke jin maganar juna. Ni ya sallame ni da mutunci, har ya sa direba ya kai ni tasha.

Na dawo na kafa wannan rumfar kusa da ƙofar asibiti. Shayi, burodi, ƙwai. Direbobi da masu jinya su ne mutanena, kuma babu wanda ya taɓa barin komai a gefen faranti.

Damina biyu bayan haka aka kawo Kawu Idi cire yanar ido. Ban sani ba sai da wani ya gaya mini, na je na gaishe shi a rumfar masu jinya, ya amsa kamar yadda ya saba, a taƙaice. Washegarin ranar da aka kwance masa bandeji, ina tsakiyar zuba shayi, sai ga shi babban ɗansa yana riƙe da hannunsa. Ya zauna a kan benci tsakanin direbobi biyu. Ɗan ya buɗe ƙwaryar furar da suka zo da ita, Kawu ya ture ta gefe.

Ya ce, "Ɗan Hajo, kana da ƙwan zabi?"

Na ce, "Akwai, Kawu."

"Soya mini biyu. Ka sa albasa."

Na fasa su a kofi ɗaya-ɗaya, na soya, na kawo masa da rabin burodi. Bai tambayi mai ba, bai tambayi kasko ba. Ya yi bisimilla ya ci a hankali, ya share farantin da guntun burodin da ya rage. Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona da sabon idonsa.

Ya ce, "Ashe haka ka tsufa." Ya miƙo mini farantin. "Gishiri ya yi yawa. Gobe ka rage."